Ku Auna Kafin Ku Taɓa: Nasiha Ga Matasan Sanyinna Kan Sana'ar Lantarkin Masana'antu

'Ya'yana, matasan Sanyinna da na sauran garuruwan Tambuwal da Kebbe.

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar kammala sakandare ya fito, tambaya ɗaya ce ke zagaya gidajenmu: yanzu sai ina? Wani ya ce aikin lafiya, wani malanta, wani soja ko ɗan sanda, wani kuma ya naɗe takardarsa ya tafi ci-rani. Duk hanyoyin halal ne, ban raina ko ɗaya ba. Sai dai akwai wata sana'a da ba kasafai nake jin an ambace ta a zaurukanmu ba, alhali kullum darajarta ƙaruwa take yi, kuma ba ta yi mana nisa ba. Ita ce sana'ar kula da na'urorin lantarki masu sarrafa injunan masana'antu. A kanta nake so ku ba ni aron hankalinku.

Ku fara da duban abin da ke kewaye da ku. In kun hau titi daga Tambuwal kuka yi arewa, kuka wuce Shagari da Boɗinga, kun isa Sakkwato, inda kamfanin siminti na Kalambaina ke aiki tun 1967. Bayan ya koma hannun BUA, an buɗe sabon layi mai fitar da tan miliyan 1.5 a shekara cikin 2018, sannan a watan Janairun 2022 aka buɗe wani mai tan miliyan 3. In kuwa Jihar Kebbi kuka nufa, akwai kamfanin shinkafa na Labana a Birnin Kebbi, da na WACOT a Argungu wanda aka buɗe a 2017. A nan gida ma, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, manoman rani da dama suka fara jingine injin fetur suna neman famfo mai aiki da hasken rana. Rijiyar burtsatse ta sola, da turakun sadarwa da ke ba wayoyinku sabis, da firij ɗin ajiye allurar rigakafi a asibiti, kowannensu na ɗauke da allon lantarki a cikinsa, kuma kowannensu akwai ranar da zai tsaya. Ran da ya tsaya wa ake kira? Sau da yawa sai an aika Kano ko Kaduna ko Legas, a biya wa mutum kuɗin mota da masauki da abinci, kafin a zo kan kuɗin aikinsa. Wannan kuɗi da ke fita daga ƙasarmu, da mutuncin da ke tafe da shi, su nake yi muku kwaɗayi.

To mene ne ainihin aikin? Mai wayarin gida yana kai wuta ga ƙwan fitila da fanka da soket. Mai gyaran rediyo da wayar hannu yana bin ƙananan kayan da ke jere a kan allo. Ma'aikacin lantarkin masana'anta yana buƙatar sanin su biyun, ya ƙara da na uku, wato fahimtar yadda inji ke gudanar da kansa ba tare da mutum ya tsaya a kansa ba. Wanda ya taɓa ban ruwa a fadama ba zai sha wahalar gane wannan ba. Kana tsaye kana duban fangali, idonka ya ga ruwa ya kai, zuciyarka ta ce ya isa, hannunka ya toshe nan ya buɗe na gaba. Haka injin zamani yake aiki: akwai mai gani, akwai mai yanke shawara, akwai mai zartarwa.

Masu ganin su ne ƙananan na'urorin da ma'aikata ke kira sansa. Wata zafi take aunawa, wata nauyi, wata matsin iska ko ruwa, wata kuma aikinta kawai ta sanar cewa ƙarfe ya iso gabanta. Mai yanke shawarar wata 'yar kwamfuta ce mai juriya da ake kira PLC, wadda aka ƙirƙiro a Amurka a ƙarshen shekarun 1960 saboda masana'antar ƙera motoci, a yau kuwa da wuya ka shiga babbar masana'anta ba ka tarar da ita ba, ko ta Siemens, ko ta Schneider, ko ta Allen-Bradley, ko ta wani kamfanin. Masu zartarwar su ne rile da kwantakta da bawul, da kuma diraif mai ƙara wa moto gudu ko rage masa. Wutar da muke sha a Najeriya tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa ɗaya, kuma wannan adadin ne ke ƙayyade gudun moto. Diraif na iya mayar da shi 25, sai moton da ke juyi kusan 1,500 a minti ya koma rabin haka. Da wannan dabarar ce famfon sola ke tafiya a hankali da hantsi, ya ƙara ƙarfi idan rana ta take.

A kamfanin siminti, dutsen da ake gasawa a cikin babbar tukunya mai juyawa sai ya kai zafin digiri 1,450 ko kusa da haka kafin ya zama abin da ake so. Ba mahaluƙin da zai leƙa ya auna wannan da ido. Sansa ce ke aunawa, ta aika saƙo ɗakin kula da injuna. Saƙon ma akwai hikima a cikinsa. Yawanci ana aika shi ne a matsayin 'yar ƙaramar wuta tsakanin mili'amfiya 4 da 20: huɗu na nufin ƙasan ma'auni, ashirin na nufin ƙololuwarsa. Me ya sa ba a fara daga sifili ba? Domin idan ma'aikaci ya auna ya ga sifili, nan take ya san waya ce ta tsinke ko sansar ce ta mutu. A kamfanin shinkafa kuma akwai injin tsince, inda ƙwayoyin shinkafa ke kwarara a gaban kyamara, da ta hango baƙa ko tsakuwa sai wani ɗan bututu ya hura iska ya fitar da ita daga layi, cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Shinkafar da kuke gani fes a buhu aikin wannan injin ne, kuma akwai mutumin da ke ci da iyalinsa daga kula da lafiyarsa.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci a cikin nasihata. A wannan sana'a mutum biyu ne: mai canza kaya da mai gano dalili. Na shaida bambancinsu a wata ƙaramar masana'antar casar shinkafa. Moton da ke ɗaga shanshera zuwa sama ya riƙa tsayawa kullum, aiki ya cije, motoci na jira a ƙofa. Wanda aka fara kira ya zo ya saurara, ya ce birka ce, aka sayo sabuwa. Washegari inji ya sake tsayawa. Ya ce to koyil ne, aka kwance moto aka kai aka sake naɗi, kuɗi masu yawa suka tafi, matsala na nan daram. Da aka kira na biyu, bai fara buɗe jakarsa ba sai da ya zauna da yaron da ke tuƙa injin, ya tambaye shi: "Ƙanena, da wane lokaci yake tsayawa?" Yaro ya ce: "Wallahi Oga, da safe lafiya lau yake. Sai an yi azahar yake fara halinsa." Ya sa aka tayar da inji, ya maƙala mita a kan wayoyi ukun ɗaya bayan ɗaya, ya ga wutar da moto ke ja daidai take a kowane layi, kuma ba ta kai adadin da aka rubuta a jikinsa ba. Ashe moto lafiyarsa ƙalau. Ya jira har inji ya tsaya, ya karanta lambar da diraif ya nuna a fuskarsa, ya buɗe littafin na'urar ya ga ma'anarta: zafi ya yi yawa. Ya kashe wuta, ya sa kwaɗo, ya dakata, ya auna, sannan ya buɗe murfi. Ƙura da dusa sun dame sun toshe hanyar iska, 'yar fankar da ke sanyaya diraif ta cije ba ta juyawa. Ya share, ya sa sabuwar fanka wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba, ya nuna wa yaron yadda zai riƙa hure wurin duk mako. Inji bai sake tsayawa ba.

Ku lura da abin da mutumin nan ya yi. Ya tambaya, ya auna, ya karanta, sai a ƙarshe ya taɓa. Wannan jerin shi ne sana'ar. Kuma ku lura da abin da ya kawo matsalar: zafi da ƙura, abubuwa biyu da ƙasarmu ta fi kowa sani. A watan Afrilu zafin Sakkwato kan haura digiri 40 a inuwa, cikin rufaffen akwatin ƙarfe kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Da hunturu ƙura na shiga ko'ina. Ga wuta mai hawa da sauka, ga tsawar farkon damina, ga ɓera da ƙadangare masu shiga fanel, wato akwatin na'urorin wuta. Yawancin na'urorin nan an ƙera su ne a ƙasashen da ba su san irin wannan yanayi ba. Saboda haka ɗan ƙasa da ya haɗa ilimin littafi da sanin halin ƙasarsa yana da abin da baƙo ba shi da shi.

Ta ina ake shiga? Hanya ta farko tana farawa tun daga ƙaramar sakandare. Yaron da ya gama aji uku yana iya shiga kwalejin fasaha, irin ta Farfaru ko ta Runjin Sambo a Sakkwato, ya yi shekara uku yana haɗa aji da ɗakin gwaji, ya rubuta jarrabawar hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, ya fito da takardar shaidar ƙwarewa ta ƙasa. Wannan takarda tana ba shi damar neman aiki, tana kuma ba shi damar wucewa gaba da karatu.

Hanya ta biyu ta wanda ya gama babbar sakandare ce. Ana son ya ci darussa biyar da kyau, cikinsu har da Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri, ya rubuta JAMB, ya nemi sashen fasahar lantarki a kwalejin kimiyya da fasaha. Ba sai kun yi nisa ba: ga ta Umaru Ali Shinkafi a Sakkwato, ga ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ga ta tarayya a Ƙaura Namoda, ga ta Abdu Gusau a Talata Mafara, ga kuma ta Kaduna wadda ta daɗe tana yaye ma'aikatan Arewa. Shekara biyu ake yi a samu ƙaramar difloma, a fita a yi shekara ɗaya ana koyon aiki a masana'anta, a dawo a yi wasu biyu a samu babbar difloma, inda a wasu makarantun mutum kan zaɓi ɓangaren na'urorin awo da sarrafa injuna. Kafin ku biya ko kwabo, ku tabbata hukumar NBTE, wadda aka kafa a 1977 kuma hedikwatarta ke Kaduna, ta amince da kwas ɗin a wannan makarantar. Tambaya ce ta minti biyar da za ta tsare muku shekara biyu. Wanda kuɗin makaranta ya yi wa nauyi ya bincika asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024, ya karanta sharuɗɗansa da kyau tare da mahaifinsa kafin ya sa hannu.

Ina jan kunnenku musamman kan watannin koyon aiki na shirin SIWES, wanda asusun ITF ya ɓullo da shi a 1973. Ɗalibai da yawa kan nemi ofishin da ke kusa da gida, inda ba abin da za su taɓa, a sa musu hannu a littafi su dawo. Wanda ya yi haka kansa ya cuta. Ku nemi inda inji ke ƙara, ko da za ku kwana a tabarma a gidan ɗan uwa. Ku riƙe wa oga tocila, ku ɗauko masa sifana, ku share fanel, ku yi ta tambaya, domin matambayi ba ya ɓata. Sau da yawa wanda ya ga hazaƙarku a waɗannan watanni shi zai tuna da ku ran da gurbi ya samu.

Hanya ta uku ta wanda Allah bai nufa da doguwar makaranta ba. Ya zauna gaban ƙwararren oga, mai haɗa fanel ko mai naɗin koyil ko mai sanya sola, ya yi haƙurin yaron shago har a yaye shi. Amma kada ya tsaya nan. Ya je ya yi gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wanda ake hawa daga mataki na uku zuwa na biyu zuwa na ɗaya, domin babban kamfani ba ya ɗaukar mutum da labarin baki. In kuma aikinsa ya shafi girka kayan wuta, ya nemi shaidar hukumar NEMSA. Hukumar COREN ma, mai rajistar injiniyoyi da aka kafa a 1970, tana da rajistar masu difloma da ta masu aikin hannu. Na ga masu takarda da ba su iya riƙe mita ba, na kuma ga gwanayen hannu da rashin takarda ya tsayar a bakin ƙofa. Ku haɗa biyun.

Ko ta wace hanya kuka bi, akwai abubuwan da ba mai ɗura muku su sai kun nema da kanku. Na farko lissafi. Ba mai wahala ake nufi ba, amma dangantakar bolt da amfiya da turjiyar waya dole ta zauna muku daram, har ku iya faɗin kaurin wayar da moto ke buƙata ba tare da kame-kame ba. Na biyu karanta zanen wayoyi, domin fanel mai wayoyi ɗari uku ba a bin sa da ido, da zane ake bin sa, lamba bayan lamba. Na uku Turanci na karatu, tunda littattafan na'urorin nan da shi aka rubuta mafi yawansu. Ba a ce sai kun iya zuba shi a taro ba, amma ku iya karanta shafi ku fahimci abin da ya hana da abin da ya umarta. Na huɗu kwamfuta, domin PLC da kwamfuta ake shiga cikinta a ga abin da aka tsara mata. Wayar da ke hannunku ma makaranta ce in kun so: datar da ake ƙonawa a kallon abin da ba ya ƙara komai ta isa a kalli darussa masu yawa a YouTube. Kuɗin farko da kuka samu kuma, kafin sabuwar waya, ku sayi mita mai kyau, da filaya, da sukundireba masu rufin roba, da ayan ɗin dalma. Ma'aikacin da ke aron mita bai fara sana'a ba tukuna.

Ba zan ɓoye muku wahalarta ba. Farkonta akwai ƙarancin samu. Akwai aikin dare, akwai kiran gaggawa ranar Sallah, akwai tsayuwa cikin zafi da ƙara, akwai zama nesa da iyaye. Masana'antu ma suna rufewa. Duk wanda ya san Kakuri a Kaduna lokacin da masaƙu ke aiki, ko Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano a zamanin da suke cike, ya san haka. Amma abin da na lura da shi shi ne, idan kamfani ya rufe, wanda ya iya aiki da hannunsa da kansa ba ya daɗewa a zaune. Ilimin da ke tayar da injin siminti shi ke tayar da famfon hukumar ruwa, da babban janareta na asibiti, da injin ɗura ruwan leda, da ɗakin sanyi, da kayan tashar rarraba wuta. Daga kamfanin siminti na Kalambaina har na Obajana, har matatar Dangote da aka ƙaddamar a Legas a 2023, yaren na'urorin ɗaya ne. Wanda ya ƙara da Faransanci kuma, ga kamfanin siminti na Malbaza da matatar mai ta Damagaram a maƙwabciyarmu Nijar. Wanda ya fi son zama gida, famfunan sola da injunan casa da na niƙa da ke tsakanin Sanyinna da Dogon Daji da Jabo da Kebbe da Kuchi sun isa su riƙe shagon mutum mai gaskiya.

Sai maganar rai, wadda nake roƙonku da girman Allah ku riƙe ta. Wutar gida bolt 230 ce, ta masana'anta mai layi uku kusan 400 ce ko sama da haka, alhali abin da ke iya tsayar da zuciyar mutum bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda ba. Shi ya sa na'urar kare rai da ake sawa a fanel take yanke wuta da ta ji yoyon mili'amfiya 30. Kafin ka sa hannu a inji, ka kashe wutarsa da kanka, ka sa kwaɗo, makullin ya kasance a aljihunka, ka rataya sanarwa. Kada ka yarda da "ai na kashe" daga bakin kowa, ko oganka ne. Ka gwada mitarka a inda ka san akwai wuta, ka auna inda za ka taɓa, ka sake gwada mitar. Ka sani cewa diraif da inbata suna riƙe wuta mai ƙarfin ɗaruruwan bolt a cikinsu na wasu mintuna bayan an kashe su. Ka sani cewa faifan sola ba shi da makunni. Muddin rana na sama, wayarsa a raye take. Cire zobe da agogon ƙarfe, sa takalmin aiki, kada ka yi aikin babbar wuta kai kaɗai. Ajali na hannun Allah, amma Shi ne Ya umarce mu da kiyaye ran da Ya ba mu amana, kuma tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi.

Daga amanar rai sai amanar dukiya. Mai inji bai san abin da ke cikin akwatin nan ba. Abin da ka faɗa masa shi zai ɗauka. In fiyus ne ya ƙone, ka ce fiyus ne, kada ka ce allo ne. Kayan da ka cire ka miƙa masa a hannu. Kada ka sa jabu ka karɓi kuɗin na asali. Kada ka ɗaure fiyus da waya, kada ka tsallake na'urar kariya don inji ya tashi a yaba maka yau, gobe moto ya ƙone ko gobara ta tashi ko wani ya rasa hannu. In maigida ya matsa maka ka yi haka, ka ba shi haƙuri cikin ladabi, ka bayyana masa abin da zai biyo baya. Kada iliminka ya zama abin zagaye mita ko kwance wayar taransfomar jama'a. Wanda ya jefa gari cikin duhu don 'yan kuɗin tagulla ya ɗauki alhakin majinyaci a asibiti da ɗalibi da mai sana'a. In aiki ya fi ƙarfinka ka ce ya fi ƙarfinka, ka kira wanda ya fi ka, ka tsaya ka ga yadda zai yi. Kuma ka riƙe littafi: kwanan wata, inji, abin da ya faru, abin da ka auna, abin da ka yi. Bayan shekara biyar wannan littafin zai fi maka kowace takarda amfani.

'Ya'yana mata, da ku ma nake. Haɗa allo, da gyaran na'urorin awo, da tsara PLC, da kula da kayan asibiti, aiki ne na natsuwa da kaifin hankali da tsabtar hannu, kuma Allah bai hana ku ko ɗaya daga ciki ba. A Gusau akwai kwalejin ilimi ta fasaha ta tarayya wadda mata zalla take ɗauka, kwalejojin da na ambata kuma duk suna karɓar mata. Wadda take da sha'awa ta yi shawara da iyayenta, ta nemi inda za ta koya cikin mutunci da kamun kai.

Ku kuma iyaye, 'yan uwana, mu daina ganin rigar aiki mai maiƙo a matsayin abin kunya, muna fifita kujerar ofis ko da babu albashin kirki a kanta. Annabi Dawuda, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da hannunsa yake ƙera sulke. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Usulus Siyasa, ya sanya kula da masu sana'a da samar da su a garuruwa cikin ayyukan shugaba. Wannan gadonmu ne tun kafin zuwan Turawa. Idan kun ga yaro yana yawan kwance tocila da rediyo, kada ku bi shi da tsawa kawai; ku kai shi inda za a koya masa mayarwa. Masu hali a cikinmu, da ƙungiyoyin ci gaban gari, da shugabannin ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, ɗaukar nauyin yara kaɗan duk shekara zuwa kwalejin fasaha, da saya musu kayan aiki ran da suka gama, bai kai kuɗin rijiyar burtsatse ɗaya da ta mutu aka yi watsi da ita ba. Duk wanda zai kafa wa jama'a famfon sola, ya haɗa da horar da ɗan garin da zai kula da shi.

'Ya'yana, shekarun koyo suna da tsawo a idon matashi, amma za su wuce ko kun koya ko ba ku koya ba. Wanda zuciyarsa ta karkata ga wannan sana'a kada ya jira sai baɗi. Ya zauna da mahaifinsa a wannan makon, ya je ya ga malaminsa na Fiziks, ya tambayi ranar da ake sayar da fom, ko ya nemi ogan da zai karɓe shi. In kun shiga, ku shiga da niyyar gano dalili, ku tsare ranku, ku tsare amanar mutane. Allah Ya yi muku albarka, Ya sanya albarka a hannuwanku, Ya sa garinmu ya amfana da ku.